Hoton Iyali: Mayafin Gado Ma Ya Wadatar

A shekarar 1948 wani matashi mai suna Seydou Keïta ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Coura da ke birnin Bamako na ƙasar Mali. Da farko mayafin gadonsa ya ɗauko ya rataya a bayan mutane, hasken rana na tsakar gida kuwa shi ne fitilarsa. A gefe ya tanadi rediyo, agogo, alƙalami, tabarau, furannin roba da babur ƙirar Vespa, kowa ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Keïta ya rasu a 2001, amma har gobe ana baje kolin hotunansa a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka.

Abin da ya yi da mayafin gado, kowane gida zai iya yinsa da waya ranar Sallah ko suna. Sau nawa ake ɗaukar yara sun sha ado, amma bayansu ga bokiti, ga wanke-wanke, ga shanya? Ido yakan tsallake irin waɗannan, kyamara kuwa ba ta yafewa.

A samu zani ko yadi mai faɗi, a goge shi, a rataya a igiyar shanya, a danne ƙasansa da duwatsu saboda iska, sannan a shimfiɗa tabarma ko darduma a gabansa. Idan kayan jikin mutane masu zane ne, yadi mai launi ɗaya ya fi fito da su. A guji fari fat, domin waya tana auna hasken wurin gaba ɗaya: in fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskoki su yi duhu. Maganinsa a taɓa fuskar mutum a kan allon wayar kafin a danna. Mutane kuma su ba yadin tazarar taku biyu ko uku, don kada inuwarsu ta kwanta a kansa.

Rana tsaka ba lokacin hoto ba ne. Haskenta daga sama yake saukowa, ya bar duhu a ƙarƙashin ido da hanci, ga kowa yana runtse ido. Da hantsi ko bayan la'asar ya fi, a inuwar bango ko bakin rumfa. Inuwar darbejiya tana da daɗin zama, amma hasken da ke ratso ganyenta yana yi wa fuska dabbare-dabbare. Mai ɗauka ya goge gilashin kyamarar, ya ja da baya kaɗan, ya riƙe wayar daidai idon mutanen, domin kusantowa sosai tana kumbura hanci da goshi.

Wajen kayan ado kuwa, mai gida ya fi Keïta gata. Mutanen Bamako aron kayan suka yi, mu kuwa namu na ɗaki. Rediyon da Baba yake jin labaran safe da shi, keken ɗinkin da Inna ta biya kuɗin makaranta da shi, allon yaron da ya yi sauka, faifan da kaka ta saƙa da hannunta. Abu ɗaya ko biyu ya isa, a ba mai shi ya riƙe yadda ya saba. Hannun da ya sami abin riƙewa yakan saki, fuska ma sai ta saki.

In an gama, a daure a wanke ko da hoto ɗaya ne, a rubuta sunaye da shekara a bayansa. Waya tana ɓata, tana lalacewa. Wata rana jika zai ɗauko takardar, ya nuna keken ɗinkin ya ce, “Wannan na wane ne?” Daga nan labarin gidan zai tashi.