Hannun da Aka Ɗinke: Mako 12 Kafin a Koma Garka

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a ƙasar Dogarawa, cikin gundumar Malbaza ta jihar Tawa, kuma zancen hannu za mu yi. Hannun da aka yi wa aiki a asibiti, aka ɗinke, aka naɗe, aka sallami mai shi.

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Ƙwanni zuwa Madawa ya san Galmi, ta nan ƙasar Dogarawa, da abu biyu: albasa, da asibitin mishan da ke nan tun 1950. Garka da asibitin kuwa ba sa rabuwa. Lauje ya zame, bel ɗin injin ban-ruwa ya fizgi yatsa, ɗan kabu-kabu ya faɗi ya dafe kwalta, sai a ɗauko mutum ranga-ranga. Likita ya yi nasa cikin 'yan sa'o'i. Sauran aikin, na watanni, a gida ake yin sa, kuma a gida ake yawan ɓata shi.

Abin da akan ɗinke a cikin hannu, mu Hausawa jijiya kawai muke ce masa. Likita kuwa iri uku yake gani: ta jini, ta ji, da wadda ke jan yatsa kamar igiyar guga. Ku gwada yanzu kuna saurarona. Ku kama hannunku na dama ƙasa kaɗan da gwiwar hannu, ku dunƙule yatsu, ku buɗe. Kun ji nama yana motsi? To, can ƙarfin yake. Igiyoyi ne suka taso daga nan, suka ratsa wuyan hannu, suka bi ta cikin wani siririn kube har kan yatsa.

Idan igiyar ta tsinke aka ɗinke ta, an shiga tsaka mai wuya. A bar ta ba motsi, ta manne da kuben, yatsa ya sandare. A ja ta da ƙarfi, ɗinkin ya ɓalle. Shekaru da dama likitoci na jin tsoron taɓa wannan wuri na gindin yatsa, sai wani likita a birnin Luwibil na Amurka, Harold Kleinert, ya fito da dabara a shekarun 1960. Ni dai da na fara jin ta sai da na ce ikon Allah. Roba ce kawai, irin wadda dillalan albasa ke ɗaure kuɗi da ita. A maƙala ta a farce, a ɗaure ɗaya bakin wajen wuyan hannu. Mara lafiya ya miƙe yatsa da kansa, roba ta lanƙwasa masa shi. Igiya tana zirga-zirga cikin kubenta, ba ta manne ba, ba a kuma ja ta ba. Roba fa, jama'a! Amma don Allah kada wani ya je ya ɗaura wa kansa. Irin motsin da ya dace da hannunka, wanda ya ɗinke shi da ma'aikacin motsa gaɓoɓi ne za su nuna maka.

Ga lissafin. Zare, a cire shi cikin kamar mako 2. Abin da aka tallafe hannun da shi, kamar mako 6. Ɗaukar kaya mai nauyi, sai mako 12. In sake faɗa: mako 12. Wanda ya yanke a Nuwamba lokacin dashe, sai wajen Fabrairu, ana shirin cirar albasa, hannunsa zai iya riƙe kunnen buhu.

Na san abin da manomi zai ce: Malam, wa zai yi mini ban-ruwa? Tambayar gaskiya ce. Sai dai fata tana da yaudara. A mako na huɗu ta haɗe sumul, ciwo ya tafi, mutum ya ce na warke, ya ja igiyar tayar da inji sau ɗaya, ya ji ɗas a cikin yatsa. An koma ɗakin tiyata, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Shi ya sa nake roƙon iyaye da ƙanne da maƙwabta, ku yi masa gayya. Kai kuma maigida, idan uwargida ce aka yi wa aikin, daka da jan guga da matse wanki ba nata ba ne sai wa'adin ya cika.

Jijiyar ji ta fi nawa. Kamar milimita 1 take tsirowa a yini, don haka daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ana iya shafe wata 6. Duk tsawon nan hannu ba ya jin zafi. Wani likita ɗan Ingila, Paul Brand, da ya yi wa masu kuturta aikin hannu a Belor ta ƙasar Indiya, ya rasa dalilin da yatsun marasa lafiyarsa ke raguwa cikin dare. Da aka sa ido, ashe ɓeraye ne ke gaigaya, su kuwa suna barci ba su ji ba. Daga nan wanda aka sallama, da kyanwa aka riƙa haɗa shi. Mu nan abin tsoronmu butar shayi ce, da murhu, da salansar babur. Hannun da ba ya ji, ido ne zai yi masa gadi, safe da yamma.

Lokaci ya kusa cimma mana, bari in yi sauri. A ɗaga hannu sama da ƙirji, ko a kwance a ɗora shi kan matashi. Kada bandeji ya jiƙe. A haƙura da taba. Kada a kwance ɗaurin asibiti a kai wa mai ɗori ya ƙara ɗamewa.

Idan kun ga yatsu sun yi sanyi ko sun sauya launi, ko miki yana wari, ko zazzaɓi ya taso, ko yatsan da ke motsi jiya ya daina yau, kada ku jira ranar da aka rubuta a kati. Ku koma asibiti a ranar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.