Bayani Kan Bawul Da Sake Haɗa Injin Tsofaffin Motocin Kombi

Motar Kombi ta kamfanin Volkswagen an fara ƙera ta ne a ƙasar Jamus a shekarar 1950. A Turai da Amurka an fi sanin ta da zama motar yawon shaƙatawa, wadda ake sanya wa gado da wurin girki, yayin da a Nijeriya ta yi aikin jigilar fasinja. An daina ƙera ta a Brazil a 2013, saboda haka duk wadda ke kan hanya a yau tsohuwa ce, kuma lafiyarta ta rataya ne a kan kulawar mai ita.

Injin tsofaffin samfurin yana baya, yana da silinda huɗu, kuma ba shi da lagireto. Iskar fanka da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya shi. Abin da ya fi shan zafi a cikinsa shi ne bawul ɗin fitar da hayaƙi, musamman na silinda ta 3. Dalili kuwa shi ne, a samfurin da suka gabaci 1971 na'urar sanyaya mai tana cikin rumfar fanka, don haka iskar da ke isa wannan silinda ta riga ta ɗauki zafi. A 1971 ne kamfanin ya matsar da na'urar gefe.

Bawul yana sauke mafi yawan zafinsa ne a lokacin da ya rufe ya zauna a mazauninsa. Idan zafi ya yi yawa, sai ƙarfensa ya riƙa miƙewa kaɗan-kaɗan, tazarar da ke tsakaninsa da abin da ke danna shi ta ragu. Da zarar tazarar ta ƙare, bawul ba zai rufe sosai ba, zafi ya ƙaru, daga nan ya ƙone ko kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin. Inji yakan buga nan take, sau da yawa a tsakiyar tafiya, nesa da gari.

Ana iya ganin wannan haɗari tun kafin ya auku. A injin 1600, tazarar da ake buƙata ita ce milimita 0.15, kuma ana auna ta ne da siririn ƙarfen awo bayan inji ya kwana ya huce. Makanikai da dama suna ba da shawarar a yi awon a duk kilomita 5,000, tare da juyen mai. Yana da kyau mai mota, ko jami'in da ke kula da motocin ƙaramar hukuma, ya riƙa rubuta abin da aka samu a kowane awo. Bawul ɗin da ake tararwa ya matse sau biyu ko uku a jere yana dab da lalacewa, kuma ƙara saita shi ba magani ba ne. A cire kan silindar a duba.

Idan ta kai ga sauke inji, kada a mayar da tsofaffin bawul ɗin hayaƙi komai kyawunsu a ido, domin kuɗin sababbi bai kai na fistin da kan silinda ba. A duba ko akwai tsaga tsakanin mazaunin bawul da ramin filogi. A manyan injinan da aka fara sanyawa daga 1972, mazaunin kansa yakan saki idan zafi ya yi yawa. Har ila yau, a auna gidan injin kafin a sa sababbin kaya, tun da ramukansa kan buɗe da tsufa.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne watsar da kwanukan da ke kewaye da injin da robar da ke toshe gefensa, da sunan ba su da amfani. Su ne ke kai iska inda ake buƙata, su kuma hana zafin salansa komawa cikin fanka. A wurare masu zafi da ƙura, wajibi ne a riƙa wanke ƙurar da ke daskarewa a jikin silinda, a kuma tsaya nan take idan fitilar caji ta kama, domin a injin 1600 fanbel ɗaya ne ke juya janareta da fanka.