Ja da bayan sojojin Jamus daga Mosko (1941–1942)

Ja da bayan sojojin Jamus daga Mosko wani babi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fara ne ranar 5 ga Disamba 1941, lokacin da rundunar Tarayyar Sobiyet ta mayar da farmaki kan Jamusawan da suka tunkari babban birninta a tsakiyar hunturu.

Asali

Jamus ta afka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941 da zaton za ta gama yaƙin kafin sanyi ya sauka, don haka ba ta tanadar wa yawancin sojojinta tufafin hunturu ba. A farkon Disamba wasu rukunoninta sun kai kimanin kilomita 30 daga tsakiyar Mosko, amma sun galabaita, kuma abinci da mai da harsasai ba sa iso musu da wuri saboda nisan hanya da ƙarancin jiragen ƙasa.

Yadda aka fafata

Sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili. Injinan motoci da na tankokin yaƙi suka ƙi tashi, man da ake shafa wa bindigogi ya daskare, sojoji da dama suka rasa yatsun hannu da na ƙafa. A wannan hali ne Janar Georgy Zhukov da Janar Ivan Konev suka shigo da sababbin dakaru masu kayan sanyi. Sun ƙwato garin Klin ranar 15 ga Disamba, washegari kuma Kalinin.

Da yake ƙasa ta daskare har ba a iya haƙa ramukan ɓuya, Jamusawa sun riƙa fakewa a ƙauyuka suna kare su gida-gida. Fararen hula sun ɗanɗana kuɗarsu: an ƙwace musu tufafi da abinci, an kore su waje, an ƙona ƙauyuka da yawa yayin janyewa.

Umarnin Hitler

A tsakiyar Disamba Adolf Hitler ya hana ja da baya, ya ce kowa ya tsaya inda yake. Ranar 19 ga watan ya sauke babban kwamandan sojojin ƙasa, Walther von Brauchitsch, ya karɓi muƙamin da kansa. An kuma tuɓe Janar Heinz Guderian da Janar Erich Hoepner saboda sun janye dakaru ba da izini ba. Sai a tsakiyar Janairu 1942 ya amince a koma wani layin tsaro na baya.

Sakamako

An tura Jamusawa baya tsakanin kilomita 100 da 250, amma rundunarsu ba ta wargaje ba, ta ci gaba da riƙe garin Rzhev har Maris 1943. Masana tarihi sun sha bamban kan ko umarnin Hitler ne ya hana rugujewar ko kuwa asarar rayuka ya ƙara. Tun daga nan sojojin Jamus ba su sake kusantar Mosko ba, kuma fatan gajeren yaƙi ya kau.