Sayar da Makarantun Gwamnati da Soke Harajin Ilmi: Ina Makomar 'Ya'yan Baƙi?

Daga Wakilinmu

Akwai wata magana da ake ta yayatawa a manyan biranen Kudu, wadda ya kamata 'yan'uwanmu mazauna Sabo, Shasha, Agege da Idi-Araba su kasa kunne gare ta da kyau. Maganar ita ce, wai tun da gwamnati ta gaza riƙe makarantun birni yadda ya kamata, to gara ta miƙa su ga 'yan kasuwa da mishan da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ta kuma daina karɓar ko wane irin haraji da sunan ilmi, kowa ya biya wa ɗansa inda ya ga dama. Maganar tana da daɗin ji a kunne, musamman ga wanda masu karɓar haraji suka isa. Amma kafin mu tafa mata, bari mu waiwayi abin da ya faru a Badun, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

A shekarar 2015 gwamnatin marigayi Abiola Ajimobi ta Jihar Oyo ta aza wa ko wane ɗalibin sakandare kuɗin raya ilmi, Naira 1,000 a zango, wato Naira 3,000 a shekara. Da shekara ta kewayo, a 2016, sai ta fitar da sanarwa tana neman masu sha'awar haɗa hannu da ita wajen tafiyar da makarantun sakandare 31. Gwamnati ta ce ba sayarwa take nufi ba. Ƙungiyar Ƙwadago da malamai suka ce ba su yarda ba, biri ya yi kama da mutum. Aka tarwatsa taron da aka kira don tattauna batun, aka kama shugabannin ƙwadago, kuma cikin watan Yuni ɗalibai suka fantsama titunan Badun suna zanga-zanga, har sai da aka rufe makarantu. Daga baya aka jingine shirin, aka kafa wa makarantun kwamitocin gudanarwa waɗanda suka ƙunshi iyaye da tsofaffin ɗalibai da mutanen unguwa. Ran 29 ga Mayu 2019, Gwamna Seyi Makinde ya soke wannan Naira 3,000 a cikin jawabinsa na kama aiki.

Babu shakka soke kuɗin alheri ne. A ɗauki misalin mai dako a kasuwar Bodija wanda ke da yara huɗu a sakandare: Naira 12,000 ke nan a shekara, ban da tufafin makaranta da littattafai da kuɗin mota. Irin wannan mutum idan abin ya yi masa nauyi, 'ya'ya mata ake fara cirewa a aza musu talla. Sai dai tilas a bambanta abu biyu. Kuɗin da ake karɓa daga hannun uba a ƙofar makaranta daban, harajin da jama'a duka ke zubawa a baitulmali don a biya malamai daban. Na farko korar ɗan talaka yake yi. Na biyu kuwa shi ne ke riƙe da shi a aji. Masu cewa a soke duka sun haɗa zuma da maɗaci ne a ƙwarya ɗaya.

Tarihin Kudu kansa ya nuna haka. Kafin Cif Obafemi Awolowo ya buɗe karatun firamare kyauta a Jihar Yamma cikin Janairun 1955, sai da gwamnatinsa ta aza harajin ilmi da lafiya. Mutane suka fusata ƙwarai, har jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen tarayya na 1954 a cikin gidanta. Amma yaran da aka koyar da wannan kuɗi su ne suka zama likitoci da lauyoyi da akawuna, mu kuwa a Arewa muka daɗe muna cizon yatsa. Mu ma mun san harajin da talaka ya tsana, shi ya sa aka yi murna a 1979 da marigayi Abubakar Rimi a Kano da marigayi Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Amma ba su rufe makarantu ba, sun ci gaba da ɗaukar nauyinsu daga baitulmali.

Sai mu leƙa Ikko. Bayan yaƙin basasa gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan a jihohi da dama. A 1979 marigayi Alhaji Lateef Jakande ya tarar da yara na karatun karɓa-karɓa, wasu da safe, wasu da rana, wasu da yamma. Ya giggina dubban azuzuwa cikin gaggawa, ya kawo ƙarshen wannan hali. Masu hali suka riƙa yi wa ginin ba'a suna kiransa akurkin kaji, amma a cikin akurkin nan ne 'ya'yan Hausawan Ikko da yawa suka koyi karatu ba tare da an tambaye su ko sisin kwabo ba. A 2001, zamanin da Bola Tinubu yake gwamna, aka mayar da makarantu 48 ga masu su na asali, na coci da na ƙungiyoyin Musulmi. Da yawa daga cikinsu sun gyaru, an yi fenti, jarrabawa ta yi kyau. Amma kuɗin makaranta ya shigo, kuma wanda bai da shi tilas ya nemi wani wuri. Ƙidayar da aka yi a Ikko a 2010 zuwa 2011 ta gano makarantun kuɗi fiye da 12,000, kuma fiye da rabin ɗaliban jihar a cikinsu suke. Wannan ya nuna ba sai an buga sanarwa a jarida ba ne ake sayar da ilmi. Idan aka bar rufi yana yoyo, yara sun yi wa malami ɗaya yawa, iyaye da kansu za su kwashe 'ya'yansu, a bar marasa ƙarfi.

To a nan ne abin ya shafe mu fiye da kowa. Ɗan ƙasa idan aka miƙa makaranta ga coci, yana da limamin cocin da zai roƙa masa rangwame. Idan aka miƙa ta ga tsofaffin ɗalibai, yana da kawu a cikinsu. Ɗan baƙo fa? Sabon Badun an kafa shi tun 1916, amma har yanzu jikan wanda ya kafa bukka a can baƙo ake kiransa idan an zo maganar takardar shaidar asali. Makarantar gwamnati ita ce ƙofa ɗaya da ba ta tambayar addininka ko garinku. Kuma ba alfarma ba ce: dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga ko wane yaro a Nijeriya, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi a kan haka. Bugu da ƙari, mai goro da mai shanu da mai tumatir da ɗan acaba duk suna yankar tikiti kullum. Wanda ya zuba a asusu yana da bakin magana a kansa.

Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai da kada su bar wannan batu ga ƙungiyar malamai kaɗai. Duk ranar da aka ce za a miƙa wata makaranta, a je taron, a yi tambaya uku. Nawa za a riƙa biya, kuma wa ke da ikon ƙarawa? Yaran da ke ciki yanzu, ina za a kai wanda ubansa ya kasa? Idan an soke kuɗin da iyaye ke biya, daga ina kuɗin alli da gyaran benci zai fito? A nemi amsar a rubuce. Iyaye kuma su daina ƙaurace wa taron iyaye da malamai da hujjar kasuwa ko rashin jin Yarabanci, a tafi da tafinta. Wanda bai halarci rabo ba, ba ya zaɓen kaso.

Allah ya raya mana zuriya, ya sa su fi mu, amin.