Daga Tuwo Zuwa Jini: Yadda Sukari Ke Tafiya a Jikinmu

Sau da yawa idan muka je gaishe da marar lafiya aka ce mana likita ya same shi da ciwon sukari, sai mu ji iyalinsa suna mamaki, suna cewa, "To, ai Baba ba ya shan sukari!" Wannan magana ta nuna da yawa daga cikinmu ba mu san cewa tuwon da muke ci dare da rana shi ma sukari yake komawa a ciki ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bi loma guda tun daga baki har cikin jini, mu ga abin da ke faruwa da ita.

Dawa, gero, masara, shinkafa, acca, doya, rogo da dankali duk cike suke da sitaci. Shi kuwa sitaci ba kome ba ne illa ƙwayoyin sukari da aka jera kamar tsakiya a zare. Tun a baki yawu yake fara tsinka wannan zare, shi ya sa idan muka daɗe muna tauna burodi sai mu ji ɗan zaƙi. Daga tumbi abincin yakan gangara ƙaramin hanji, inda ruwan wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, yake ƙarasa aikin. A nan ne sitaci yake zama sukarin da ake kira gulukos, ya ratsa bangon hanji ya shiga jini.

Da zarar sukari ya hau a jini, sai ita wannan gaɓa ta sako wani sinadari mai suna insulin, wanda yake buɗe wa sukarin ƙofa ya shiga tsoka domin mu sami ƙarfin noma da tafiya. Hanta takan ajiye wani kashi don lokacin yunwa, rarar kuma ta koma kitse. Abin mamaki, dukan sukarin da ke yawo a jinin babban mutum mai lafiya bai wuce kimanin ƙaramin cokali ɗaya ba. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini, ciwon sukari ke nan. A shekarar 1921 ne Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka kuwa fara yi wa marar lafiya allurarsa a 1922.

Ba kowane abinci ne yake shiga jini da sauri ɗaya ba. Lemon kwalba, da shayi mai sukari, da zoɓo ko kunun zaƙin da aka zabga wa sukari, ba su da wani aikin niƙa, kai tsaye suke wucewa. Sukari ya yi tsalle, insulin ya bi shi a guje, bayan 'yan sa'o'i sai kasala da yunwa su dawo. Farin burodi da farar shinkafa da hatsin da aka surfe tas aka niƙa luƙwi su ma ba sa ɓata lokaci. Amma wake, da hatsi mai ɗan dusarsa, da miyar kuka, kuɓewa, zogale ko rama, sukan riƙe abinci ya riƙa shiga sannu a hankali. Dusa da zaren ganye ba sa narkewa a ƙaramin hanji, sai su wuce babban hanji, inda wasu ƙananan halittu masu amfani suke ci daga gare su, bayan gida kuma ya zo da sauƙi. Iskar da wake yake sa wa mutum ma daga wannan aiki take fitowa, ba cuta ba ce.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, in an rage zuwa 6 ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar cokali 8 ko 9. Zuma ma cikin lissafin take, haka kuma maltina da ire-irenta da muke kai wa marasa lafiya da sunan ƙarin jini. Mu tuna da wannan a wajen biki da suna, inda kwalba take bin kwalba.

To, mene ne abin yi? Ba cewa muka yi a bar tuwo ba. A rage malmala, a ƙara miya da ganye da wake, a sha ruwa a madadin lemo, a kuma ɗan taka ƙafa bayan cin abinci, gama tsoka mai aiki tana zuƙe sukari daga jini. Wanda ya ga yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya hanzarta zuwa asibiti. Awon jini da safe kafin karin kumallo yakan nuna ƙasa da 100 ga mai lafiya. Idan ya kai 126 ko fiye, aka sake awo ya maimaita, ciwon sukari ne. In aka yi sakaci, a ɓoye yake cin idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Akwai kuma gargaɗi ga 'yan'uwa masu shan magani ko allura. Kada su shiga azumi sai sun shawarci likita, domin sukari yana iya faɗuwa ƙasa da 70, mutum ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. A irin wannan hali, in yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi nan take. In ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa kome, a garzaya da shi asibiti.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Iyayenmu mata da ke riƙe da muciya da ludayi, rabin wannan rigakafi a hannunku yake. Allah ya ba mu lafiya, amin.