Tal National: Makaɗan Dare Biyar a Mako

Tal National ƙungiyar makaɗan zamani ce da aka kafa a Yamai a shekarar 2000. Jagoranta, Hamadal Issoufou Moumine da aka fi sani da Almeida, makaɗin jita ne, tsohon ɗan ƙwallo, ya kuma yi aikin alƙalanci. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, jitar lantarki na yi wa kalangu amshi.

A gida ƙungiyar ta yi suna tun kafin a san ta a waje. An san ta da wasa dare biyar a mako, kowane wasa yakan kai awa biyar. Makaɗanta sun haura goma, don haka idan gayyata ta yi yawa sai su rabu biyu, a ji su a wurare biyu a dare guda. Faifansu ma a tituna aka riƙa sayar da shi, hannu da hannu.

Kasuwar makaɗi a Nijar tana bin amfanin gona ne da watannin Musulunci. A karkara, kamar Kurni ta yankin Matamaye a jihar Damagaram, bukukuwan aure sukan yawaita bayan kaka, idan gero ya shiga rumbu kuma an sayar da gyaɗa da wake. Gab da azumi a sake cika da ɗaurin aure, sannan kiɗa ya lafa sai Sallah. Makaɗin kalangu na ƙauye da makaɗin jita na birni duk wannan lissafi suke yi. Turai da Amurka kuwa, manyan tarukan kiɗansu daga bazara ne zuwa damina.

Ƙofar waje ta buɗe wa Tal National a 2013, lokacin da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da faifansu Kaani, wanda Jamie Carter daga Chicago ya zo har Yamai ya naɗa. Daga nan suka fara zagayen wasanni a Amurka. Ba duka ke tafiya ba. Kaɗan ne ke fita, kuma lokacin da ake ba su a dandamali bai kai rabin na gida ba. Saurin hannu da haɗin kan da baƙi ke yabawa, a dogayen dararen Yamai aka same su. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018, duka daga kamfanin FatCat.