Hular Sanyi Ta Fi Kaskon Wuta

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙasar Bagwai cikin watan Disamba ko Janairu ya san hunturu ba abin wasa ba ne. Da asuba iska tana busowa daga arewa, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, kaushi ya kama ƙafa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Watari a 1980, mutanen wannan wuri suka sami noman rani. To, a daidai lokacin nan na sanyi ne magidanta da samari suke sammako zuwa ban ruwan tumatir da albasa, iska kuwa ba ta raga musu.

Amma waɗanda sanyi ya fi yi wa ɓarna su ne jarirai da tsofaffi. Likitoci sun ce zafin jikin jariri bai kamata ya sauka ƙasa da digiri 36.5 ba. Kan jariri babba ne in an gwada da jikinsa, ta nan ne ɗumi mai yawa yake fita, balle a ce bakwaini ne. Dabarar da muka saba ita ce a shigar da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa. Wannan dabara tana da haɗari biyu. Garwashin gawayi yana fid da wata iska marar wari wadda take kashe mutum cikin barci. Ga kuma gobara, da yara masu rarrafe da suke faɗawa cikin wuta. Hula da suwaita ba su da hayaƙi, ba su ƙona kowa.

Kayan aiki

Saƙa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Kakanninmu mata sun yi kaɗi da mazari, maza suna saƙa fari da saƙi. Hannun da ya iya kitso da saƙar faifai ba zai kasa wannan ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: tsinken saƙa biyu ko kwarashi ɗaya, da zaren ulu. Ana samunsu a kasuwar Sabon Gari a Kano. Dunƙule ɗaya mai nauyin giram 50 ya isa hular jariri. In kuɗi sun yi wuya, a sayi tsohuwar suwaita a gwanjo, a warware ta, a wanke zaren, a shanya, a sāke naɗe shi.

Ki lura, yawancin zaren da ake kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne. Ki yanki guntu ki sa masa ashana. Ulu na ainihi yana warin ƙonannen gashi, ya zama toka. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Na roba ya fi araha, ya fi jure wanki, amma yaron da ya sa shi kada ya matsa kusa da murhu, gama in ya kama wuta yana manne wa fata.

Yadda za a fara

Ki fara da hular jariri, gama ita ce mai saurin ƙarewa. Ba sai kin iya karanta takardar awo ba. Ki zagaya kan yaron da zare ki ƙulla, wannan shi ne ma'auninki. Kan sabon haihuwa wajen inci 14 ne. Ki rage kaɗan, domin saƙa tana miƙewa. Kada ki sa mata igiyar ɗaurewa a wuya, ko maɓallin da yaro zai iya haɗiyewa. Sa'ad da hannu ya faɗa, sai ki shiga suwaita: gaba, da baya, da hannu biyu, a saƙa su dabam dabam, sa'an nan a haɗa da allura. Ta yaro a yi ta da ɗan yalwa, don ta kai shi baɗi. Wajen wanki kuwa, ruwan sanyi, ba murɗawa, a shimfiɗa ta a inuwa.

Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Wadda ta jira sai hazo ya sauko, sanyi zai wuce ba ta gama hannu ɗaya ba. Lokacin farawa shi ne kafin kaka, kafin aikin girbi da sussuka ya cinye yini. A taron Zumuntar Mata, wadda ta iya ta zaunar da biyu ta koya musu.

Wa za a ba?

Littafin Ayyukan Manzanni, sura 9, ya ba mu labarin Dokas ta birnin Yafa. Da ta rasu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa tufafin da ta ɗinka tun tana da rai. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba, aikin hannunta ne ya yi mata shaida, Ubangiji kuwa ya tashe ta.

Ki saƙa wa kanki da 'ya'yanki da maigida, wannan daidai ne. Amma ki tuna Kirsimati tsakiyar hunturu yake zuwa. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, akwai maraya, akwai matar mai bishara. Akwai kuma maƙwabciyarki Musulma wadda za ta yi suna ran bakwai. In kin kai mata hular da kika saƙa da hannunki, za ta san kin yi kwanaki kina tunanin ɗanta. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kafin ki sayi zare, ki zauna ki lasafta mutum uku a ƙauyenku waɗanda sanyin bana zai sama ba su da abin rufa. Ki fara da mafi ƙanƙanta a cikinsu. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanki.